Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya haɗa yaƙi da ƙiyayyar addini da lanhon masu kuɗi?

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, ina gajiya ina iyali. Ni gyaran salula nike yi nan kasuwar Tahoua. Wana yana Amurka shekara tara ke nan yana tuƙin tasi a Niyok, to tun bara ya dame mu da saƙon murya a WhatsApp kan wasu 'yan siyasa da yake ce ma masu ra'ayin sauyi, wai su ba su son ƙasarsu ta tahi yaƙi ƙasar wasu, ba su yarda a tsani Musulmi ba, kuma suna son a aza ma masu kuɗɗi lanho mai nauyi. Mun yi gardama a fada har shayi ya huce. Wani ya ce duk bakinsu ɗaya da sauran, wani ya ce batun lanhon nan hassada ce tunda arziki na Allah ne. Ni dai abin da ban gane ba, mi ya haɗa abubuwan nan ukku, kuma mu nan mi ya shafe mu?

Ɗanka mai karanta shafinka, daga Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, lafiya lau, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ina jin wanda ya sa wanka zumuɗi shi ne Zohran Mamdani, Musulmin nan haifaffen Kampala da ya ci zaɓen magajin garin Niyok a Nuwamba 2025, wanda a kamfe ɗinsa ya ce zai nemi a ƙara kashi 2 cikin ɗari na haraji kan masu samun sama da dalar Amurka miliyan ɗaya a shekara. Shi da su Sanata Bernie Sanders da Ilhan Omar, Musulma 'yar majalisar Amurka, layinsu ɗaya. Abin da ya ɗaure batutuwan nan uku wuri guda a wajensu tambaya ce ƙwaya ɗaya, in an gama shawara a sama, wa ke biya a ƙasa?

Batun yaƙi ba sai na kai ka nesa ba, kai ɗan Ader ne, babu unguwar da ba ta da ɗan bida a Libiya. A Maris 2011 jiragen NATO suka fara ruwan wuta da sunan kare farar hula, ranar 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte, waɗanda suka yi aikin suka koma gida suka bar mu da ɓaraka. Na je tasha nan Yamai tarbar ɗan ƙanwata a shekarar, yaron da ke aiko wa uwarsa kuɗin hatsi duk wata daga Sabha, ya sauko mota da leda ɗaya a hannu da silifa wari da wari, leɓensa duk ya tsage, da na ce ina kayanka sai ya ce Kawu ka bari kawai, na tsira da rai. Rumbunan makamai suka buɗe, 2012 arewacin Mali ya faɗi, wutar ta yi ta ci har ta iso mu: Inates a Disamba 2019 sojojinmu 71, Shinagodar a Janairu 2020 sojoji 89, sannan a jiharku, wajen Tillia, ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe bayin Allah 137 rana ɗaya. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa. To amma furucin nan bai tada kowa daga kabari ba.

Shi ya sa nake ganin girman wata mata tsohuwar 'yar majalisar Amurka, Barbara Lee. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da ƙasar ke tafasa, aka kawo ƙudurin ba shugaban ƙasa izinin yaƙi ba iyaka, mutum 420 suka ce e, ita kaɗai ta ce a'a, ta sha zagi har da barazanar kisa. Sanders shi ma ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi na 2003, wanda aka ce don makaman ƙare dangi ne kuma ba a samu makaman ba. Saboda haka abokinka da ya ce duk bakinsu ɗaya bai yi musu adalci ba, ko da yake yana da 'yar gaskiya, don akwai masu kiran kansu 'yan sauyi da suka tafa wa yaƙin Libiya. Ni ma'aunina shi ne, in ka ƙi Amurka a Iraƙi to ka ƙi Rasha a Yukren, ba wai bam ɗin abokinka ya zama alawa ba. Kuma kada a rikita, sojanmu da ke tsare ƙauyensa daga 'yan ta'adda daban, mai ɗauko jirgi daga wata duniya ya zo sauya wa mutane shugaba daban.

Yanzu ga wurin da maganar ke da zafi, kuma ina roƙon ka karanta wa 'yan fadarku shi gaba ɗaya kada ka tsallake.

Duk muna jin daɗi in muka ga an tsaya wa Musulmi a waje. Lokacin da Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka a Janairu 2017, waɗanda suka cika filayen jirgi suna zanga-zanga akwai Kirista, akwai Yahudawa, akwai wanda bai da addini ma. Da aka harbe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, mun yi kuka, mun kuma yaba wa firaministar Niyuzilan da ta yafa gyale ta je ta'aziyya. To hujjar mutanen nan ba wai sun musulunta ba ne, hujjarsu ita ce ba a taɓa mutum don addininsa ko shi kaɗai ne a gari. Can Musulmi ne 'yan kaɗan. Nan fa? Nan mu ne masu yawa, wanda ke zaune a matsayin wanka shi ne Kiristan da ke maƙwabtaka da kai.

Ina nan Yamai ranar Asabar 17 ga Janairu 2015. Ranar aka yi tarzoma, jiyanta ma an yi a Damagaram, saboda zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, zanen da ya ƙona ran kowane Musulmi har da ni. Amma wa aka ƙona? Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu, coci-coci da dama suka zama toka. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Togo mai sayar da shinkafa da wake, da ta yi shekara da shekaru tana aiko mana abinci ranar bikinsu mu kuma mu kai mata naman layya, ta shigo gidanmu ba ko sallama da jikoki biyu, ƙaramar tana riƙe da zanenta tana rawar ɗari cikin rana tsaka. Uwargida ta cusa su ɗakinta ta jefa musu hijabi, ni na ɗauko tabarma na zauna bakin ƙofa da carbi, gabana na faɗuwa, hayaƙi na tashi ta bayan unguwa. Matar nan ba ta san inda Paris take ba wallahi, ba ta taɓa ganin jaridar ba. Kwana biyu suka yi wurinmu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai har yau, da za ta koma ita ce ke ba mu haƙuri wai ta ɗora mana nauyi. Ba zan iya yi wa Ilhan Omar tafi da hannun dama ba alhali na hagu na riƙe da ashana, kuma duk malamin da zai hau mumbari ya kwatanta maƙwabcinsa da abin ƙyama, ko wani ɗan ɗariƙa ko ɗan Izala ne yake nufi, ina ganinsa ne sahu ɗaya da masu zagin wanka a titin Niyok.

Sai lanho. Arziki na Allah ne, babu musu, amma Allahn da ya ba da shi ne ya ce a cire ɗaya cikin arba'in a ba mabuƙata, kuma ba wanda ya taɓa kiran zakka hassada. Zakka ibada ce mai masu karɓa sanannu, lanho kuwa kuɗin hanya ne da lakwal da likita da albashin soja, kuma duk wanda tirelolinsa goma ke taka kwalta ya fi mai amalanke cin moriyarta. A Amurka ta shekarun 1950, zamanin Eisenhower wanda ba ɗan gurguzu ba ne, harajin da ke kan ƙololuwar kuɗin shiga ya kai kashi 91 cikin ɗari, yau 37 ne. A Faransa Macron ya soke harajin dukiya a 2018, ƙarshen shekarar masu rigar ɗorawa suka cika titi don an ƙara wa talaka kuɗin mai. Masu suka suna cewa in ka matsa wa mai kuɗi zai kwashe dukiyarsa ya gudu, kuma hakan na faruwa, shi ya sa a taron manyan ƙasashe na G20 a Birazil a 2024 aka tattauna shawarar ƙasashe su haɗa kai su karɓi aƙalla kashi 2 cikin ɗari daga manyan attajiran duniya don kada a samu wurin ɓuya.

Mu kuma wannan ba baƙon ra'ayi ba ne, Malam Aminu Kano da NEPU kan talakawa suka ƙare rayuwa, gwamnonin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau a 1979. Nan gida ka tuna dokar kasafin kuɗin 2018, wadda ta kawo sabbin haraji kan magidanta ta kuma yafe wa kamfanonin waya harajin kiran ƙasashen waje, mutane suka yi ta fita titi har aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris. Shekara biyu bayan haka rahoton binciken ma'aikatar tsaro ya yi maganar sefa miliyar 76 da suka salwanta wajen sayen kayan yaƙi, a daidai lokacin da ake binne yaran Inates. Ka ga inda yaƙi da lanho suka haɗu ke nan, ɗan talaka ne a bakin daga, uwarsa ce ke biyan kashi 19 cikin ɗari na harajin TVA in ta sayi sabulu, wani kuma na gina bene.

Ba na ce ka haɗiye duk abin da 'yan siyasar can ke faɗi ba, akwai ra'ayoyinsu kan aure da iyali da ni ban yarda da su ba kuma ba na ɓoyewa. Amma a kan ukun nan da ka tambaya ina tare da su.

Gobe in ka buɗe rumfa ka lura da mai yankan tikitin kasuwa. Akwai wata tsohuwa mai dambun zogale kusa da inda nake sayen goro, kullum sai ta kwance bakin zane ta ba da dala goma tun ba ta yi cinikin fari ba, ranar da na tambaye ta ko ta san inda kuɗin ke zuwa sai ta ce ita dai kada a ɗauke mata tire. Kai ma kana biyan fatanti, to ka riƙa karɓar takarda kana adanawa, ku haɗu da 'yan layinku ku je ma'aikatar magajin gari ku tambayi nawa aka tara a kasuwar bana kuma me aka yi da shi. Ka gaida wanka, ka ce ina jiran ya aiko mana labarin yadda batun harajin nasu ya kaya.