Amsa ga Jikana a Kan Damin Godiyar Kaka

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fatan kana lafiya, kai da kishiyar tawa da yara. Saƙonka ya iso ranar Talata, ƙanwarka ta karanta mini shi har sau biyu, domin idanuna sun daina ganin ƙananan rubutun waya. Ita ce kuma take rubuta maka wannan amsa, na gargaɗe ta kada ta rage mini ko kalma ɗaya.

Ka ce tunda kai ba manomi ba ne, aikin ofis kake yi a Abuja, me zai hana ka tura kuɗi ta waya zuwa asusun ikilisiya ranar godiyar kaka, maimakon ka kamo doguwar hanya ka zo ka sayi damin dawa ka ɗora a ka kamar yadda babanka yake nacewa. Ka kuma tambaya ko akwai inda aka rubuta cewa lalle sai hatsi. Da farko dariya na yi har da ƙwalla, don na tuna yadda kake ɓuya a bayan rumbu kana yaro duk ranar da aka ce za a tafi gona. Amma da dare ya yi na kwanta, sai maganar ta hana ni barci.

Ka san majami'armu ta ƙauye 'yar Wusasa ce. Tun ina ƙarama nake jin tsofaffi suna ba da labarin Likita Mila, Baturen mishan wanda ya zauna a cikin birnin Zariya kafin mishan ya koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da jar ƙasa, irin ginin magina Hausawa, wadda har yau tana nan a tsaye. Littafi Mai Tsarki na Hausa da mahaifina yake karantawa shi ne bugun 1932, ya naɗe shi a cikin fatar akuya saboda gara. Namu ɗakin sujadar kuwa a wancan lokaci ƙarami ne, rufin ciyawa, kujerunsa dakalin ƙasa, ƙararrawarsa guntun ƙarfen reluwe da aka rataye a jikin tsamiya. Limami yakan zo daga Wusasa a kan keke sau ɗaya a wata domin baftisma da Jibin Ubangiji, sauran ranakun Lahadi mai bishara ne yake riƙe da mu. A bayan ɗakin sujadar akwai rumbu biyu, ana ce musu rumbun ikilisiya. Su ne ba ka taɓa gani ba, don an rushe su kafin a haife ka, lokacin da aka faɗaɗa gini da siminti.

Bari in ba ka labarin godiyar kakar 1973, shekarar da aka daina kirga fam da sule aka koma naira da kwabo. Ina sabuwar amarya a gidan kakanka, na kuma fara koyarwa a makarantar firamare. Ruwa ya makara, da ya sauka kuma bai daɗe ba ya ɗauke, dawa ta fitar da kai amma ba ta cika ido ba. Mu nan ƙasar Zazzau da sauƙi-sauƙi, domin mun ga mutanen arewa, har da na ƙasar Nijar, suna wucewa da ragowar dabbobinsu, shanun kamar a hura su su faɗi. Da kaka ta yi, dattawan ikilisiya suka zauna a gindin tsamiya suna shawara ko a ɗage godiya zuwa baɗi, wasu suna cewa bai kamata a kunyata mutane ba, tunda babu abin da za su kawo. Surukina, wato baban kakanka, yana cikinsu. Shi ne ya ce musu wanda ya gode wa Allah a shekarar ƙoshi kaɗai, cikinsa yake gode wa. Da wannan magana aka tashi, aka sa rana.

Ranar Lahadin, tun da hantsi aka buga ƙarfe. Al'adarmu ita ce unguwa-unguwa ake shiga, maza a gaba da dammuna, mata a baya da ƙorai da kwanduna, 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu da shantu suna ba da waƙa, kowa yana amshi yana takawa a hankali har gaban bagadi. A shekarun da suka wuce tarin hatsin yakan kai har ya rufe taga, ga gyaɗa, ga wake, ga kabewa, ga kaji ɗaure suna ta kuka ana tsakiyar addu'a. A wannan shekara kuwa, da unguwa uku suka gama shiga, tarin bai kai gwiwar mutum ba.

Ni aka ɗora wa damin gidanmu, saboda kakanka yana fama da zazzaɓi, ni kuma ina ɗokin a ga amarya 'yar boko ta iya ɗaukar kaya. Na manta ƙofar majami'ar gajeriya ce. Ina cikin rangwaɗa sai damin ya daki saman ƙofa, gammo ya yi nasa wuri, igiya ta kwance, zangarniya ta watse a ƙasa. Majami'a ta ɗauki dariya, har mai bishara ya rufe bakinsa da littafin waƙoƙi. Na durƙusa ina tsincewa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, yara suka taya ni, har wata tsohuwa ta ce ai gara haka, yau dai an yi dariya a garin nan. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har yanzu in na haɗu da sa'o'ina biyu da suka rage, sai sun tambaye ni ina gammona.

Ina durƙushe a bakin ƙofar ne na lura da surukata. Ita ce shugabar Zumunta a lokacin, amma ba ta cikin masu waƙa, tana zaune a dakalin ƙarshe ta zuba wa ƙofa ido, leɓunanta suna motsi. Na zaci addu'a take yi, ashe gidaje take ƙirgawa. Ta ga gwauruwar da kullum takan zo da dami guda ta shigo da faifai a rufe, zangarniya uku ce a ciki. Ta ga wani magidanci ya kawo rabin kwandon kuɓewa busasshiya ba tare da ko tsabar hatsi ba. Ta kuma ga akwai gida ɗaya da babu wanda ya fito daga cikinsa, alhali matar gidan ba ta taɓa fashin sujada ba, ko da goyo ko da ciki.

Da magariba ta yi, ta kira ni ta ce in ɗauko fitilar ƙwai in biyo ta, amma kada in kunna. Muka sami matar a bakin murhu tana dafa ganyen tafasa, babu ko garin da za ta barbaɗa a kai, yara huɗu sun kewaye tukunya. Mijin ya tafi cin rani tun kafin girbi, ba aike ba labari. Kunya ce ta hana ta zuwa majami'a hannu rabbana, kuma da za ka tambaye ta a hanya, lafiya lau za ta ce maka. Surukata ba ta yi mata wata tambaya ba, hira kawai suka yi a kan tarin da ƙaramin yaron yake yi. A daren nan dattawa biyu suka buɗe rumbun ikilisiya, muka kai dami biyu gidan a cikin duhu, muka jingine a bayan danga. Maƙwabcinta Musulmi, wanda ya ji motsinmu ya leƙo, bai ce uffan ba, amma da safe aka ga ya aika mata tiya biyu ta gero daga zakkar da ya fitar. Haka aka yi ta lallaɓawa da gidaje bakwai har gero ya nuna a damina ta gaba, kuma ba a taɓa kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu a sanarwar Lahadi ba. A hanyarmu ta komawa gida a daren farko surukata ta ce mini, dami na Allah ne, amma ƙofa tamu ce, shi ya sa wani yake zama kusa da ita.

Game da ko an rubuta, je ka buɗe Kubawar Shari'a sura 26, wadda sabon juyi yake kira Maimaitawar Shari'a, za ka ga an ce mutum ya sa nunan fari a kwando ya kai da kansa, ya kuma faɗi da bakinsa daga inda Allah ya ɗauko kakanninsa. Na sani za ka ce gwauruwar da Yesu ya yaba a cikin Markus sura 12 anini biyu ta saka, ba dawa ba, kuma gaskiyarka. Ban ce kuɗi haram ne ba. Albashin limami kuɗi ne, man janareta kuɗi ne, kwanon rufin da iska ta yaye bara ma ba da zangarniya aka biya shi ba. Sai dai mahaifiyata takan ce zumunci a ƙafa yake, ban kuwa taɓa jin an ce a waya yake ba. In kuɗinka ya shiga, ma'aji kaɗai zai sani, shi ma ba zai ga ko ka rame ko ka yi ƙiba ba, kai kuma ba za ka ga dakalin wane ne ya zama wayam ba.

Ba ku kaɗai nake ba laifi ba, mu ma da muke gida mun sake. Godiyar yanzu ta koma gwanjo da lasifika, a kira babban baƙo a faɗi adadin da ya bayar a tafa masa, mai mudu ɗaya kuwa ta tsaya a baya tana ɓoye ƙwaryarta a cikin gyale. Mata sun fi damuwa da ankon da za a ɗinka fiye da sanin wadda ba ta da kuɗin ankon. Matasa suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto, in an ɗauko waƙar Hausa sai su yi ta motsa baki kawai, ba su san baitin ba. Tun da ƙafafuna suka yi nauyi ni nake zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, ina ƙirgawa kamar yadda aka koya mini, amma rabin fuskokin ban san gidajensu ba, kuma babu yarinyar da ta taɓa tambayata abin da nake yi a wurin.

Na san hanya ba ta da daɗi, na san kuma hutunku a ƙirge yake, ba zan ce ka jefa kanka cikin hatsari saboda dami ba. Amma na ji ana cewa jirgin ƙasa yana tasowa daga Abuja ya sauke mutane a Rigasa, daga Kaduna zuwa Zariya kuma ba wata tafiya ba ce. Godiyar bana ta faɗo Lahadin ƙarshe ta watan Nuwamba. Babanka ya riga ya ware dami biyu daga gonar bakin rafi, na kuma sa an naɗa gammo sabo, mai kauri, don na san kan 'yan ofis ba ya jure nauyi. Ƙofar yanzu doguwa ce, ba za ta yi maka abin da ta yi mini ba. In za ka taho, ka riƙo mini man zafi irin wanda ka kawo da Ista, ka kuma zo da babban yaron, ina so in ji ko ya iya Addu'ar Ubangiji da Hausa. Ƙanwarka ta ce hannunta ya gaji.

Ni ce uwargidanka,
Kakarka