Tambaya da Amsa: Shin In Zuba Takin Lakar Masana'anta a Lambuna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, kuma ina noman latas da kabeji da albasa mai ganye a wani fili da ke wajen Gyinyase. Kashin kajin da muka saba saye ya yi tsada, ga kuma kuɗin aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku, da ke kawo shi. Kwanan baya wani dillali ya zo mana da wani baƙin taki mai laushi, ya ce laka ce da ake kwashewa daga ramin tace ruwan wata masana'anta, an gauraya ta da garin katako, an bar ta ta ruɓe tsawon wata huɗu. Ba ta wari, kuma kuɗin mota kawai za mu biya. Maƙwabcina ya zuba, latas ɗinsa ya yi kore shar. Amma ɗana da ke karatu a jami'a ya ce akwai ƙarafa masu guba a cikin irin wannan taki. Tunda ya riga ya ruɓe, ashe gubar ba ta mutu ba?
Manomin lambu, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa ɗanka albarka, domin maganarsa tana kan hanya. Shawarata ita ce kada ka zuba wannan taki a fangalinka sai ka san sunan masana'antar da abin da take sarrafawa, kuma ka ga sakamakon gwaji da idonka.

Ruɓar da taki aiki ne mai amfani, amma yana da iyaka. Idan tulin ya yi zafi ya kai digiri 55 na ma'aunin Salsiyas ko fiye na kwanaki, ana kuma juya shi yadda ya kamata, yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwayayen tsutsar ciki suna mutuwa, wari kuma ya gushe. Wannan shi ya sa aka gwada haɗa ƙazantar masai da sharar kasuwa a Buobai, nan Kumasi, aka samu taki mai kyau. To amma dalma da kadmiyam da zaiba da kuromiyam, wato ƙarafan da ɗanka yake nufi, ba halittu ba ne da zafi zai kashe, ba kuma ganye ba ne da zai ruɓe. Ma'adinai ne, kuma yadda suka shiga tulin haka za su fita. Abin da ya fi wannan muni shi ne tulin yana raguwa yayin ruɓewa, ruwa ya tafi, wani ɓangare na ganye da katako ya zama iska, har nauyin ya kan ragu da kusan rabi, alhali ƙarfen yana nan bai ragu ba. Kamar miya ce da aka bari a wuta: ruwa yana ƙonewa, gishiri yana ƙara fitowa. Saboda haka kowane buhu na takin da ya nuna yana iya ɗaukar ƙarfe fiye da buhun ɗanyar lakar da aka fara da ita. Gaskiya ne cewa ruɓaɓɓen taki yana riƙe wani kaso na ƙarfen ya hana shi saurin shiga saiwa, sai dai riƙon na ɗan lokaci ne, domin a ƙasa mai zafi da damshi irin tamu takin kansa yana narkewa cikin 'yan shekaru, ya saki abin da ya riƙe.

Koren latas ɗin maƙwabcinka ba hujja ba ce. Irin wannan laka takan zo da sinadarin naitirojin da fosfaras, su ne suke sa ganye ya yi kyau, kuma latas yana iya shan kadmiyam fiye da abin da ya dace da cikin mutum ba tare da ganyensa ya nuna wata alama ba. Ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta, harshe ma ba ya ɗanɗana ta.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce daga ina lakar ta fito. Masana'antar da ke matse lemo, ko sarrafa koko, ko tatsar manja, lakarta galibi ragowar amfanin gona ce, kuma haɗarinta kaɗan ne idan ba a haɗa magudanarta da ta wani ba. Amma masana'antar batir, da ta fenti, da ta rinin atamfa, da masu shafa wa ƙarfe ruwan ƙyalli, da masu jimar fata ta zamani, ramin tace ruwansu an gina shi ne musamman domin ya kama ƙarafan nan kada su shiga rafi. Ke nan lakar da ke kwance a ƙasan ramin ita ce matattarar duk abin da aka hana shiga ruwa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, amma jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yin ta, kuma duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano ya san irin kukan da aka daɗe ana yi kan ruwan da ke fitowa daga can zuwa gonakin 'yan lambu. Dillalin da ya kasa gaya maka sunan masana'anta, ko ya ce "ai duk ɗaya ne", ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma tuna cewa zubar da shara mai haɗari ta hanyar da doka ta yarda kuɗi take ci, don haka akwai wanda zai so a kwashe masa ita kyauta da sunan taki.

Bari in yi maka lissafi a matsayin misali, domin ka ga yadda abin yake taruwa. Ƙasar saman eka ɗaya, zurfin santimita 20 inda saiwar latas take, nauyinta ya kai kimanin tan 1,000. A ce takin yana da miligiram 20 na kadmiyam a kowane kilo, ka zuba tan 5 a eka. Ka ƙara wa gonar giram 100 ke nan, wato miligiram 0.1 a kowane kilo na ƙasa. Adadin ƙarami ne a zubi ɗaya. To amma ɗan lambu a Kumasi ba sau ɗaya yake shuka a shekara ba, yana cire latas yana dasa wani, yana kuma ƙara taki. Zubi goma ya kai ka miligiram 1, kuma dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 1986 kan amfani da lakar magudanar gari a gona ta sa iyakar kadmiyam a ƙasar noma tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kilo. Abin lura shi ne takin da na yi misali da shi bai karya waccan doka ba, domin ta yarda da miligiram 20 zuwa 40 a kowane kilo na lakar kanta. Shi ya sa dokar ba ta tsaya ga auna taki kaɗai ba, ta kuma ƙayyade yawan ƙarfen da za a ƙara wa gona a shekara. Ƙasar Siwizalan ma daga baya ta hana zuba lakar magudana a gona baki ɗaya, sai dai a ƙona ta.

Akwai kuma abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wajenmu. Waccan iyaka ta Turai an yi ta ne domin ƙasar da ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 6 da 7. Ƙasar yankin Ashanti kuwa ƙasar kurmi ce da ruwan sama mai yawa ya wanke, galibi tana da tsami, kuma a ƙasa mai tsami kadmiyam yana narkewa ya bi ruwa ya shiga saiwa cikin sauƙi. Ga shi kuma abin da kake nomawa ganye ne, ganye kuwa shi ya fi tara wannan ƙarfe. Hukumar Codex, wadda ke tsara ma'aunin abinci na duniya, ta sa iyakar kadmiyam a kayan ganye miligiram 0.2 a kilo, ta dalma kuma 0.3.

Illar ba ta zuwa da gaggawa, kuma wannan ne ke sa a raina ta. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda ya zauna shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A lardin Toyama na ƙasar Japan, ruwan kogin Jinzu ya ɗauko shi daga wata mahaƙa zuwa gonakin shinkafa, mutane suka yi shekaru suna ci, har ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa, mafi yawansu mata masu shekaru. Sai a 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. Dalma kuwa ba sai mun je nesa ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba taki ne ya jawo wancan ba, kuma abin da ke cikin taki ba zai kai wancan yawa ba, amma hanyar shigar iri ɗaya ce: ƙura a hannu, hannu a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa, domin ko kaɗan ne yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ka yi tunanin yaran da ke taya ka ɗaukar ruwa a lambu, da takalmin da kake shiga gida da shi.

Gwaji ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ka ɗebi taki daga wurare kamar goma a tulin, har da cikinsa ba samansa kaɗai ba, ka gauraya a bokitin roba mai tsabta, ka ɗauki kimanin rabin kilo ka ƙulle a leda. Ka yi wa ƙasar gonarka haka a wata leda daban. Cibiyar Binciken Ƙasar Noma ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, tana nan Kwadaso, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) ma tana da ɗakunan gwaji. Ka nemi a auna dalma, kadmiyam, kuromiyam, zaiba, asanik da nikel, a kuma auna pH na ƙasar. Idan kuɗin ya yi maka yawa, ku haɗa hannu ku 'yan lambun wurin, tunda tuli ɗaya ake sayar muku, malamin gona na yankinku kuma ya taimaka muku wajen karanta takardar. Kada ka karɓi takardar gwajin da dillali ya fito da ita daga aljihu, domin lakar masana'anta tana canzawa daga wata zuwa wata gwargwadon aikin da aka yi. Kana kuma da haƙƙin tambayarsa rajista, tunda dokar tsirrai da taki ta 2010 ta wajabta yi wa takin sayarwa rajista a Ghana. Kafin sakamako ya fito, kashin kaji mai tsada ya fi maka araha, domin ƙarfen da ya shiga gona ba ya fita a zamanin wanda ya zuba shi.

Tambaya: Malam, ni abinci nake sayarwa a Asawase, ina sa latas da kabeji a kan waakye, wato shinkafa da wake. Ina wanke su da ruwan gishiri, wani lokaci da binega. Wannan ya isa ya kawar da gubar da ake faɗa?
Mai abinci, Asawase

Amsa: Hajiya, ki ci gaba da wankewa, domin yana rage ƙwayoyin cuta, yana kuma kawar da ƙasa da ƙurar da suka manne wa ganye, kuma kaso mai yawa na dalmar da ake samu a latas a cikin wannan ƙura take. Ki zubar da ganyen waje na kabeji da latas, ki yanke gindin, ki fere karas, ki canza ruwan wanki maimakon ki yi ta tsoma sabon ganye a ruwa ɗaya tun safe. Amma abin da tsiro ya sha ta saiwa ya shiga jikinsa, gishiri da binega ba sa fitar da shi, dahuwa ma ba ta kashe shi. Kariyarki ta gaskiya tana wajen saye. Ke mai saye ce ta kullum, maganarki tana da nauyi a wajen mai kawo miki kaya, don haka ki tambaye shi inda ake noman da irin takin da ake zubawa.

Tambaya: Na riga na zuba irin wannan taki sau biyu a bara kafin in ji wannan magana. Gonar ta lalace ke nan?
Wani matashin manomi, Sawaba

Amsa: Ɗan'uwa, kada hankalinka ya tashi, zubi biyu ba lallai ne ya kai gonar ga lalacewa ba, sai dai idan lakar ta fito daga masana'antar batir ko makamanciyarta. Ka daina zubawa daga yau, ka kai ƙasar gwaji kamar yadda na bayyana wa Alhaji, ka ɗebo daga fangalin da ka zuba da wanda ba ka zuba ba domin a kwatanta. Idan an samu ƙarfen ya ɗan hau, garin farar ƙasa na gona zai rage tsami har pH ya kai wajen 6.5, wanda hakan ke rage kadmiyam ɗin da tsiro zai sha, ko da yake sai an riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru. Ka bar latas da alayyafo da ayoyo da ganyen gwaza a wannan wuri, ka koma tumatir, barkono, kuɓewa, gauta ko masara, domin 'ya'ya da ƙwaya ba sa tara ƙarfe kamar ganye da saiwa. Ka rufe ƙasar da ciyawa domin rage ƙura, kada ka ba awaki ragowar ganyen wurin, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci a gona. Idan kuwa adadin ya wuce iyaka sosai, ka sanar da malamin gona da ofishin hukumar kare muhalli na Kumasi, ka mayar da wurin na furanni ko itatuwan da ba a ci, kuma idan akwai ƙananan yara da suka saba wasa a wurin, a kai su asibiti a nemi gwajin dalma a jini.