Tambaya da Amsa: Kwana da kaskon gawayi a ɗaki

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, maijego ce daga Anguwan Rogo a Jos. Wlh sanyin bana ba sauƙi, surukata ta ce mu dinga kwana da kaskon gawayi saboda jariri, har ƙasan ƙofa muke toshewa da tsumma, amma kullum da ciwon kai nake tashi. Akwai matsala ne?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, akwai matsala babba ma kuwa, don Allah daga yau a daina. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ta hayaƙin janareto da ke kashe mutanen gida guda a dare ɗaya, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutum yana barci ya wuce bai sani ba, kuma jariri ya fi ki saurin kamuwa. Balle gobara, gefen gidan sauro ko zani ya taɓa garwashi, katifar soso kuwa kamar fetur take.

Na san sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, to ku ji ɗumin a tsakar gida, kasko ya kwana a waje, yaro a sa mai hula da safa da rigar sanyi. Hajiya kuma ki lallaɓa ta, ko maigida ya yi mata maganar, ƙauna ce ta sa ta. In kin ga yaron ya yi laushi ko ya ƙi nono, ku fito iska ku wuce asibiti, lambar gaggawa 112.