Zauren Lauya: An saki ƙanwata tana jinya, ana so ta yafe rabonta a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Lauya. Ƙanwata tana da taɓin hankali mai tashi ya kwanta, tana karɓar magani a asibitin Komfo Anokye. Mijinta ya sake ta, yanzu ya aiko takarda wai ta dangwala yatsa ta yafe rabonta a gidan da suka gina a Sawaba, ya ba ta ɗan abin sallama. Sunansa kaɗai ke kan takardar filin, alhali ribar koko da ƙosanta ta shiga ginin. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Kada ta dangwala komai, kai ma kada ka sa hannu a madadinta. Kotu na iya soke takardar da aka sa mara lafiya ya sa wa hannu ba ya cikin hayyacinsa, musamman idan ɗaya ɓangaren ya san halin da yake ciki, amma warware aikin gama yana cin kuɗi da lokaci.

Sunan da ke kan takardar fili ba shi ne ƙarshen magana ba. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce dukiyar da ma'aurata suka tara tare a raba ta bisa adalci idan aure ya mutu, kuma a shari'ar Mensah da Mensah ta 2012 Kotun Ƙoli ta ƙidaya har aikin gida cikin gudummawa. Dokar Filaye ta 2020 kuma ta hana miji ko mata sayar da filin da aka saya cikin aure, ko jinginar da shi, ba tare da yardar ɗayan a rubuce ba. Ka ga ke nan dalilin da ya sa ake zumuɗin yatsanta.

Ku fara da likitanta. Ku nemi rahoto a rubuce, ba mai faɗin sunan cutar kawai ba: ya bayyana ko a yanzu tana gane ma'anar yafe gida, da abin da za ta rasa, kuma ko za ta iya faɗa wa lauya abin da take so. A nan dangi suke yawan kuskure, su ɗauka duk mai shan maganin ƙwaƙwalwa ba shi da ta cewa. Idan likita ya ce tana ganewa, shari'arta ce, ita za ta yi magana, ku rakiya ce taku. Idan ya ce ba ta ganewa, dokokin Babbar Kotu sun yarda wani ya tsaya mata a shari'ar ta hannun lauya, kuma duk sulhun da aka yi da sunanta sai alƙali ya amince. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kuma ba kotu ikon naɗa mai kula da al'amuranta. Wanda ke da ido a kan gidan, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke, bai dace da wannan amana ba.

In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wato Ligal Eid, a nan Kumasi. Ku riƙo rasidin siminti da kwano, saƙonnin MoMo, wato na kuɗin da ta tura wa magini ta waya, katin adashinta, da sunayen waɗanda suka ga tana biya. Lauyan ya bincika a Hukumar Filaye ko an taɓa filin, ya kuma roƙi kotu ta tsayar da duk wani ciniki har a gama shari'a.

In ba a yi wa auren rajista ba, kamar yadda aka saba a zango, ku tanadi limamin da ya ɗaura da shaidu, domin ta nan ake fara gardama. Zaman sulhu gaban malamai ko sarkin zango ba laifi ba ne, sai dai a yi shi lokacin da jikin ya lafa, a karanta mata komai da Hausa, sannan a kai wa kotu. Sadakinta da kayan ɗakinta ba sa cikin rabo. Abin da ta samu kuma ya shiga asusu mai sunanta, kada ya bi ta aljihun kowa.