Ƙagaggen labari ba ya maye gurbin littafin tarihi

Malama, kin tambaya ko ƙagaggun labarai sun isa mutum ya fahimci tarihin masu neman jinsi ɗaya a Turai da Amurka. Gaskiya ba su isa ba. Na karanta In Memoriam na Alice Winn, wanda ya fito a 2023, labarin soyayyar samari biyu 'yan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya taɓa min zuciya ƙwarai, amma marubuciyar ce ta ƙirƙiri samarin. Shi kuwa littafin tarihi Gay New York na George Chauncey, da takardun kotu da na 'yan sanda ya dogara, ya bi rayuwar maza masu neman maza a birnin New York daga 1890 zuwa 1940. Ki kula kada ki ɗora kalmomin yau kan mutanen da. In aikin makaranta ne, ki nemi malamin tarihi ya duba miki madogararki.