Lissafin turjiya da cin wuta daga volt da amfiya

Ɗan'uwa, ka ce dutsen gugarka na jan amfiya 5 a wutar Nigelec, kamfanin lantarkin Nijar, nan Maradi, kana son sanin turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta in za ta bi ta cikinsa, da yawan wutar da yake ci.

Wutar gida a Nijar volt 220 ce. Raba volt da amfiya, turjiya ta fito: 220 ÷ 5 = om 44 (om shi ne ma'aunin turjiya). Dokar Georg Ohm ke nan, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. Cin wuta kuwa ninkawa ake yi: 220 × 5 = wat 1100. In ya yi awa biyu yana jan wuta, kilowat-awa 2.2 mita za ta ƙirga maka.

Amma fa ka fara auna volt ɗin da na'urar awo, musamman a watannin zafi da wuta kan yi rauni. In ta sauka 190, turjiyar na nan 44, amfiya ta koma kusan 4.3, wat kusan 820. Shi ya sa guga ke jan lokaci.

Firij da injin ban ruwa kuma, tunda motar lantarki mai juyawa ce a cikinsu, ninkawar nan za ta ba ka fiye da ainihin wat ɗinsu. Gara ka duba rubutun jikinsu.