Amsar Kawu kan maganar Ranar Uwa

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, rashin caji ne ya hana ni amsawa sai yau da aka kai wayar wurin mai janareta a Gani. Ka ce a majami'arku ta Sabon Gari an yi Ranar Uwa, kowa ya ɗora hoton mahaifiyarsa a WhatsApp yana zuba kalaman ƙauna, kai kuma ka kasa, don kai ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba balle ta zauna hira da kai. Shine kake tambaya wai mu a al'adarmu ba a girmama uwa ne, ko kuwa wannan kunyar ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki. Toh gyara zama.

Ita alkunyar ɗan fari mun taso mun tarar da ita, Musulmi da Kirista da iyayenmu da suka mutu suna Maguzanci duk haka suke yi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai dai "wannan yaron", in an yaye shi a miƙa wa kaka. Kai ma hakan aka yi maka. Amma ni ina gidan lokacin da ƙyanda ta kama ka kana shekara uku, da rana ƙanwar tawa ko kallon ɗakin da kake kwance ba ta yi don kada a ce ba ta da kunya, in dare ya raba kuwa sai ka ji motsinta, ta lallaɓo ta zauna a bakin tabarmarka tana yi maka fifita da faifai tana addu'a ƙasa-ƙasa har zakara ya yi cara, kwana shida a haka. Kakarka ta sani, ni na sani, babu wanda ya taɓa ɗaga mata maganar. Yau dai na fasa ƙwai.

Ranar Uwar da kuke yi baƙuwa ce. Wata mata ce a Amurka, Anna Jarvis, ta fara ta a majami'arsu a 1908 don tunawa da mahaifiyarta, a 1914 gwamnatinsu ta tsayar da Lahadi ta biyu ta watan Mayu. 'Yan Angilikan kuma suna bin ta Ingila, Lahadi ta huɗu cikin azumin da ake yi kafin Ista, shi ya sa za ka ga ana yi sau biyu a shekara har mutane su rikice. Ita kanta matar daga baya ta dawo tana yaƙi da ranar, don 'yan kasuwa sun maida ta ranar cinikin kati da fure. Ban ce haramun ba ne fa, ku yi abinku. Amma Innarka ƙaramar waya ce da ita mai tocila, hoton nan duk duniya za ta gani banda ita.

Kai dai tuna yinin ta da damina. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ta je rijiya sau uku ko huɗu, ta yi surfe ta yi daka, ta dama fura ta ɗauka a ka zuwa gona, kuma ba ajiyewa za ta yi ta juyo ba, fartanya za ta ɗauka ta shiga gandu tare da maza har rana ta take. Matan maƙwabtanmu da ke kulle suna nasu wahalar a cikin gida, namu kuwa gida nasu gona tasu. Da yamma maza na hutawa a gindin darbejiya ita ta wuce gayaunarta, 'yar gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, ta dawo da kara a ka ta ɗora tuwo, ita ce ƙarshen ci, wani lokacin ƙanzo ne rabonta. Kuɗin WAEC ɗinka kana tsammanin daga ina ya fito? Daddawa ce da ƙuli-ƙuli. Kalwar nan sai ta kwana a wuta, a surfa a wanke a sake dafawa a rufe ta kwana uku kafin ta yi, ga hayaƙi a ido, kana yaro kana toshe hanci wai tana wari. Da bai isa ba ta ja akuyarta mai ciki zuwa kasuwa, babanka ma sai daga baya ya ji.

Mu maza a ikilisiya muna da laifi, bari in faɗa ko da dattawa 'yan uwana za su ji haushi. In makon mata ya zo sai a karanta Karin Magana 31, macen kirki mai tashi tun da sauran dare, mu yi ta gyaɗa kai muna amin, Zumuntar Mata su fito da ankonsu suna buga tulu suna waƙa, a tafa musu. To wa ya dafa shinkafar da aka ci ranar? Su. Wa ya wanke tukwane bayan an watse? Su. Alhali ayar ƙarshe ta wannan surar cewa ta yi a ba ta rabonta daga abin da hannunta ya yi, wannan kam ban cika jin an yi wa'azi a kanta ba.

Doka ta biyar a Fitowa 20:12 uba da uwa ta ambata tare, Bulus kuma a Afisawa 6 ya ce ita ce doka ta farko mai alkawari. In kana so ka san me girmamawar take nufi buɗe Markus 7, inda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa don suna barin mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah. Kaga kenan maganar ci da sha ce da sutura. Shi kansa yana kan gicciye, a Yahaya 19, sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, daga ranar ya kai ta gidansa. Wurin zama ya nema mata.

Ni na yi sake da tawa uwar, shi ya sa nake maka dogon surutu. A yunwar 1984 ina kallonta tana dafa mana tafasa da rama ta ce ita ta ƙoshi. Da na samu aikin koyarwa, albashin farko rediyo na saya, na biyu keke, ina ta cewa baɗi zan yi wa ɗakinta rufin kwano don yana yoyo, har kwano take tarawa a kan gado. Baɗin ta zo ba ta nan. Kwanon da na saya daga baya ɗakin matata ya rufa.

Don haka kada ka je ka rungume ta a gaban mutane ko ka ce mata "ina ƙaunarki Mama" irin na 'yan birni, kunya za ka ba ta, ƙila ma ta shige ɗaki ta bar ka a tsaye. Ka zo gida kafin ruwan shuka, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe ta yadda aka saba, za ta amsa tana kallon gefe, kar ya dame ka. Ka biya 'yan ƙwadago su yi mata noman farko da maimai a gayauna, gwiwarta ta hagu ta fara ba ta wahala ba za ta faɗa maka ba. Ka kai ta a auna jininta, a duba idonta kuma, don na lura a sujada nesa take riƙe littafin waƙoƙi. Kuɗi kuma in za ka ba ta kar ka bi ta hannun babanka, kar ka miƙa mata hannu da hannu, ba za ta karɓa ba, ka ba autarku ta kai mata ɗaki.

In ka tashi zuwa ka biya Sabon Gari ka sayo min batirin tocila manya guda huɗu, na nan ba sa kwana biyu. Ka gaida matarka da jikata.